Gamanata da Turakun Hanyar Tabki

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yanka mini gamana a shekarar da na yaye ɗiyata ta fari. Gamana ita ce 'yar gonar da miji ke cire wa matarsa daga gandun gida, ta shuka abin da ta ga dama, ta ci ko ta sayar, ba mai tambayarta. Ni ba 'yar garin nan ba ce. Daga yamma aka kawo ni, daga wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, zuwa wannan gari da ke tsakanin Gazawa da Gangara. Ubana bai da ko taki ɗaya na ƙasa a nan. Wannan gamana ita kaɗai ce wurin da nake tsayawa a duniya in ce nawa ne, kuma ita ce na rasa. Labarinta zan bayar, in kuka ya bar ni.

Doguwa ce marar faɗi, ta bi gefen turbar da ke zuwa babban tabki. Da hannuna na dasa mata gamba, tushe bayan tushe, har na kewaye ta, ina da cikin ɗiyata ta biyu. A wajenmu gamba ita ce iyaka. Inda ta tsaya, nan gonar mutum ta tsaya. Ko an yanke ta da kaka an yi zana, tushen yana nan cikin ƙasa, ruwan fari na sauka sai ta tsiro, kowa ya ga nasa. Akwai gawo biyu a tsakiyar gamanar, na same su ƙanana na rene su. Gyaɗa nake shukawa, da wake, da riɗi, yakuwa kuma a gefe. Da gyaɗar nan na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki, ban roƙi kowa ba.

Tabkin yana gabas da mu, tafiyar hantsi a kan jaki. Ruwansa ba ya ƙafewa da wuri, kuma da sanyi tsuntsaye ke cika shi, farare da baƙaƙe, wasu ma ba mu san sunansu ba. Saboda su nasaru ke zuwa, su tsaya a bakin ruwa da abin hangen nesa a ido, su wuni ba su harbi ko ɗaya ba. Manyan Maraɗi ma suna zuwa da iyalansu ranar hutu. Ranar da aka buɗe tabkin don kamun kifi kuwa, har daga Katsina ake cika wurin. Duk ta gaban gamanata suke wucewa, kuma daidai nan rairayi ya fi zurfi. Mota ta taho da gudu, sai ka ji ta yi gurnani ta zauna. Maza su yar da hauya su tafi turi.

Maigidana yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, gandunsu ɗaya. Tun ina amarya muke wasa da shi, irin wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta. Bai taɓa kirana da komi ba sai Bagobira, saboda zanen fuskata. Ran da wata banasara ta fito daga motar da ta kafe ta ɗauke ni hoto ina tsinkar yakuwa, yana cikin masu turi.

Ya ce, "Bagobira, shi ke nan kin tafi ƙasar nasaru. A ƙofar rumbu za su rataye ki, ɓeraye su daina zuwa."

Na ce, "Kai da ba a ɗauka ba fa? Ta dube ka ta ga in ta ɗauka abin zai fashe mata a hannu."

Haka muke. A lokacin ban taɓa jin zafin maganarsa ba.

Rairayin nan ba motocin baƙi kaɗai yake riƙewa ba. Ɗiyata ta biyu ta dawo gida haihuwar fari, haihuwar ta zo da gardama. A amalanken shanu muka ɗora ta za mu kai ta likita a Gazawa. Shanu na ja, ƙafafun amalanke na nutsewa, maza na turawa, ni ina riƙe da kanta a cinyata. Ba mu kai kwalta ba. Ita da abin cikinta muka juyo da su a lulluɓe. Tun daga ranar, in aka yi zancen hanya a gaban maigidana sai ya sunkuyar da kai.

A shekarar da rediyo ya cika da zancen sojoji za su sauka, ana ta taro a Yamai, kowane zaure da tutar jam'iyyarsa, a shekarar ne masu awo suka zo mana bayan an kai amfani gida. Su uku ne cikin farar mota, da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa, da doguwar igiya mai lamba. Suka kwana huɗu suna kafa turaku masu jan kai, layi biyu, dama da hagun turba. Babbansu ya gaya wa maigari cewa wani furoje ne, wato shirin taimako na 'yan ƙasar waje, ke son zuba burji tun daga kwalta har bakin tabki, don baƙi su ƙaru. Amma ya ce sun auna wani layin ta garin da ke arewa da mu, ba a yanke ba tukuna, a buro, ofishin hukuma, can Agiye za a duba wanda ya fi sauƙin aiki.

Na je gamana na tarar turaku sun shiga cikinta sosai. Abin da suka bar mini a baya, ta wajen gandu, bai kai rabi ba.

Dattawa suka taru a ƙofar maigari. Wani tsoho ya tuna musu cewa lokacin da ake raba rijiyoyin siminti, garin da kumandan, babban hukumar yankin, ya tarar ya tara duwatsu da yashi shi aka fara yi wa. Ya ce hukuma ba ta son jira, wanda ta tarar a shirye shi take ɗauka. In mun share layinmu tas kafin mutanen arewa su farka, duk wanda ya zo daga Agiye zai ga wane ne ya fi sauƙi. 'Yan jam'iyyu biyu na garin, da suka daina zuwa sunan juna, ranar bakinsu ya zo ɗaya, don kowanne yana so a ce shi ya kawo hanya. Aka yanke a yi gayya.

Ina so a rubuta wannan da kyau: masu awo ba su ce mu taɓa ko ciyawa ba. Mu muka sa kanmu.

Maigidana ya same ni ina surfe. Ya tsaya a bakin turmi, abin da ba ya yi.

Ya ce, "Uwar yara, hanya ta bi ta kanki."

Na ce, "Na gani, Malam."

"In kin ce a'a, sai in je in gaya wa maigari a tsallake wurinki."

Na san ba a tsallake gona ɗaya a gayya, na kuma san abin da ke ransa. Na ce, "Da hanyar nan tana nan, da yanzu jikanmu na wasa a tsakar gidan nan. A share."

Can ya ce, "In aka gama, zan yanka miki wata a gandu, ta wajen kwari, wadda ta fi wannan."

Daga ni sai shi sai turmi. Ban ce ya maimaita a gaban ƙanensa ba. Wace mace ce ke neman shaida a kan maganar mijinta?

Ranar gayya tun da hantsi ganga ta tashi. Aka kira makaɗan noma, maza suka zo daga tungayen da ke kewaye da mu, da gatura da diga da hauya. Mu mata muka dama fura a manyan ƙorai muka bi su. Wanda ya san gayya ya san in makaɗi ya kama kirarin mutum, mutumin ba ya ganin gabansa. Kowa so yake ya wuce na kusa da shi. Aka ce kada a bar tushe ko ɗaya da zai tsiro ya ba mu kunya gaban baƙi, don haka ba yanka aka yi ba, tonewa aka yi. Suka iso gamanata rana na tsaka. Gambar bakin turba ta tafi cikin ƙiftawar ido. Gawon nan biyu, da a da in ka sare reshensu sai mai gandun daji ya kama ka, aka ce ai aikin hukuma ne, aka kwantar da su. Ƙanen mijina ne a gaba, makaɗi na bin sa a baya yana zuga shi. Suka wuce turaku ba su sani ba. Kafin wani dattijo ya daka musu tsawa, sun tone har gambar baya, wadda ta raba ni da gandu.

Ni kuwa ina tsaye da ƙwaryar fura a ka, guɗa nake yi. Wallahi guɗa na yi. Na ga maigidana cikin ƙura yana sara kamar saurayi, fuskarsa a sake, abin da rabona da gani tun rasuwar yarinyar, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Aka tara tushen gamba aka cinna masa wuta. Ko ɗaya ban ce a ajiye mini ba.

Da la'asar ƙanen mijina ya zo shan sauran fura, ya ce, "Bagobira, yau na aske miki gona ƙwal. Saura kanki."

Na ce, "Sai ka fara da gemun nan naka mai kama da na bunsuru."

Aka yi dariya.

Bayan kwana biyu maigari ya ɗauki dattawa uku suka shiga mota zuwa Agiye, su gaya wa hukuma mun gama namu. Maigidana na cikinsu. Da ya dawo bai ci tuwo ba. Ya ce sun zauna a kan benci har azahar, sannan wani ma'aikaci ya fito ya saurare su, ya riƙe baki ya ce, "Wa ya sa ku?" Ya ce musu ba a zaɓen hanya da shara, takardu suna Yamai, sai an kafa sabuwar gwamnati. Abu ɗaya ya ja musu kunne a kai: tunda an kafa turaku, kada kowa ya shuka a tsakaninsu sai an ji daga sama.

Maigidana bai ga damina ba. Da bazara ciwon wuya, wato sanƙarau, ya shigo garin, ya kwanta ran kasuwar Gangara, kafin wata kasuwar ta zagayo mun rasa shi. Allah ya sa ya huta. Bai samu bakin yin wasiyya ba, ni kuma a lokacin ba gona ce a raina ba.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ruwan shuka ya sauka ina cikin ɗaki. Ina jin mata na wucewa da iri, ina jin ƙanshin ƙasa, ba halin fita. Ɗana namiji ɗaya ne, ya tafi cirani kurmi tun kafin zuwan masu awo, labarinsa na ƙarshe da muka ji wai an gan shi a Legas. Ɗiyata ta fari tana aure nesa, autata ma haka. Sai ƙanen mijina ya aiko matarsa ta ce mini kada in damu, zai shuka ɗan abin da ya rage bayan turaku don kada ya zauna banza. Na sa masa albarka. Da kaka ya aiko mini da damman gero, na sake sa masa albarka.

Da na fita takaba na je wurin. Gero ne ya shuka, irin gandu, kuma layukan sun taso tun daga cikin gandu sun zarce har gindin turaku, ba inda suka karye. Wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa yin wata gona dabam a nan ba. Na ce a raina bari wata damina ta zo in riga shi.

Kafin ta zo aka yi zaɓe. Muka yi layi a lakol, makarantar bokon yara, muka jefa ƙuri'a, aka shafa mana baƙi a yatsa. Zancen hanya kuwa ya bi iska. Wasu suka ce garin arewa ne ya samu, don ɗansu ya zama depite a majalisa, amma su ma har yau ba su ga burji ba. Wasu suka ce masu furoje sun tattara sun koma ƙasarsu. Ba wanda ya zo ya ce mana an fasa, ba wanda ya zo ya ce ana nan tafe. Turaku suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ka shiga gida ka ga akuya ɗaure a turke mai jan kai. Iskar bazara ta kwashe ƙasar da aka tone ta zuba a turba, rairayi ya fi na da.

Ruwan shuka ya sauka ran wata Talata. Gari na wayewa na ɗauki irin gyaɗa a ƙwarya, na ari sungumi, na tafi. Na tarar ƙanen mijina da 'ya'yansa maza sun riga ni. Sun shuka duka, har bakin turba, har inda gawona suke a da.

Ya hango ni ya ce, "Bagobira, da sassafe haka? Ko nasaru sun aiko a sake hoto?"

Na ce, "Ka shuka gamanata."

"Wace gamana? Ni hanyar gwamnati na gani ta zauna banza, na ce bari in taimaka mata."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma yaushe na taɓa wasa da ke? Ke ce matar da zan gada. In kin yarda gobe a ɗaura, gona duka taki ce, har da ni a ciki."

'Ya'yansa suka sunkuyar da kai suna dariya. Na sake faɗa, ya sake mayar da ita wasa. A nan na gane irin ramin da nake ciki. Shekara talatin duk maganar da ke tsakanina da shi ba'a ce. Ban san yadda ake yi masa wata magana ba, shi kuma ya ga ba abin da ya fi masa sauƙi kamar kada ya ji ta. In na ɗaga murya a ce Bagobira ta iya wasa. In na yi kuka a ce yau wasan ya yi zafi. Na koma gida da irina a ƙwarya.

Na kai ƙara wurin maigari. Ban taɓa tsayawa gaban maza in yi magana ba sai ranar. Ya saurare ni, mutumin kirki ne, ya ce a je a gani da ido. Muka tafi da shi da liman da dattawa biyu da ƙanen mijina.

Maigari ya ce, "To, baiwar Allah, nuna mana iyakarki."

Na duba gabas na duba yamma. Gero ya fara tsirowa layi-layi, fili ɗaya tun daga turba har kwari. Ba gamba, ba gawo, ko kututture an tone an ƙone. Wurin da na sani kamar ɗakina, na tsaya a cikinsa kamar baƙuwa. Na taka na ce nan ne. Na ƙara dubawa na ga kamar na yi gaba da yawa, na dawo baya na ce a'a, nan ne.

Ƙanen mijina ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ta ta ƙara tafiya, yanzu za ta kai mu Gobir."

Har liman sai da ya murmusa.

Maƙwabcin gamanata ta kudu wani dattijo ne, kakanninsa makiyaya ne daga arewa suka zauna suka zama manoma. Shekara da shekaru muna gaisawa ta kan gamba, matarsa na karɓar yakuwa a wurina. Na ce a kira shi. Ya zo yana kallon ƙasa.

Na ce, "Baba, kai ka san inda nake tsayawa."

Ya ce, "Na san kina noma a nan, wannan ba mai musu. Amma daga ina zuwa ina, gamba ce ta sani, ni ban riƙe ba."

Sai na dubi gonarsa. Shi ma ya shuka har bakin turba, ya ma ɗan karkato ta wajena. Na ɗaga ido na bi layin da aka share, iyakar ganina. Kowa ya shuka. Duk wanda gonarsa ta taɓa filin hanya ya ci abin da ya samu, har da dattawan da suka rako mu, har da gidan maigari. In aka auna tawa, sai an auna ta kowa. Ba wanda zai buɗe baki.

Liman ya ce in ina so, ana iya sa ƙanen mijina ya dafa Alƙur'ani. Na dubi ƙanen mijina, dariya ta bar fuskarsa, sai na ga goshin yayansa da idanun yayansa. Mun san abin da rantsuwa ke yi wa gida in ta kama. 'Ya'yansa a bayana na goya wasunsu. Na ce a'a, ban zo in ƙone gidan mijina ba.

Sai na faɗi maganar da maigidana ya yi mini a bakin turmi, cewa zai yanka mini wata ta wajen kwari.

Maigari ya ce, "Gaban wa ya faɗa?"

Na ce, "Gaban Allah."

Ya jinjina kai. Ya ce gamana aron miji ce, in miji ya rasu tana nan hannun matarsa muddin tana noma ta kuma iyakarta na tsaye. Tawa damina biyu ke nan irin gandu ne a cikinta, iyaka kuma babu. Gandu ba a raba shi ba, kuma ba za a raba ba sai ɗana ya dawo ya tsaya a madadin ubansa. Ran da ya dawo za a fitar mini da rabona. Kafin nan ƙanen mijina ya ci gaba da ciyar da ni.

Ƙanen mijina ya ce, "Ai ko ba a faɗa ba. Wa zai bar amaryarsa da yunwa?"

Ɗana bai dawo ba. Duk wanda ya zo daga kurmi sai na je na tambaye shi, har mutane suka fara kauce mini a hanya. Ban sani ba ko yana raye. In yana raye Allah ya karkato da zuciyarsa, in ya rasu Allah ya haɗa shi da ubansa.

Ba zan ce an bar ni da yunwa ba, kada in ɗauki zunubi. Ana aiko mini da hatsi, wata shekara da yawa, wata shekara kaɗan. Amma wadda ta saba buɗe rumbunta ta ɗebi abin da take so, yanzu sai ta zauna tana sauraren takun mai kawo mata. Ɗiyata ta zo da goyo, ban da gyaɗar da zan ƙulla mata a bakin zane. Na koma yi wa mutane sussuka da surfe, ina saƙa tabarmar kaba har idona ya fara gazawa. In zan je itace nakan zaga ta bayan gari don kada in bi ta wurin. Daga nesa ina jin motocin masu zuwa tabki suna gurnani a cikin rairayi. Mata biyu na sani da suka bi ɗiyata a kan amalanke a turbar nan bayan gayyarmu.

Sojoji suka dawo, suka sake cewa za su sauka, aka sake fito da tutoci. Sai ga wasu masu awo, ba na farko ba, da sabuwar mota. Suka ce an tayar da zancen hanyar tabki, amma wannan karo kafin a kafa turke sai an rubuta mai kowace gona da ke kan layi, don kada a yi rigima daga baya. Mai shela ya zaga ya ce kowa ya je ya tsaya a gonarsa.

Na ɗauki sandata na tafi. Na ce yau ga baƙo wanda bai ci filin hanya ba, ba ya jin kunyar kowa, ba ya wasa da ni. Na tsaya a bakin turba tun hantsi. Ƙanen mijina yana can zaune a kan jaki, ya tsufa shi ma, ƙafa ta hana shi tafiya, babban ɗansa na riƙe da igiya.

Mai rubutu ya iso, mutum mai natsuwa, da babban littafi. Ya gaishe ni da ladabi.

Ya ce, "Iya, gonarki ce?"

Na ce, "Tawa ce, ɗana. Mijina ya yanka mini."

Ƙanen mijina ya ce daga kan jaki, yana kiransa mushe kamar yadda muke kiran ma'aikata a nan, "Rubuta ta, mushe, rubuta ta. Ni da ita duka nawa ne." Ba wanda ya yi dariya.

Mai rubutu ya dube shi ya dube ni. Ya ce, "Iya, ni abin da aka ce in tambaya ɗaya ne. Wa ya shuka ta bana?"

Na nuna babban ɗan.

"Bara fa?"

Na sake nuna shi.

"Ke yaushe rabonki da shuka ta?"

Na fara ba shi labarin gamba da gayya da takaba. Ya saurara kaɗan, ya dubi rana, ya dubi layin mutanen da ke jiransa har kwari. Ya ce in yi haƙuri, wannan maganar gida ce, a littafinsa wuri ɗaya ne, na mai noma. Ya tambayi babban ɗan sunansa da sunan ubansa, ya rubuta, ya ba shi ya dangwala yatsa. Ni ban iya karatu ba, amma na ga tsawon abin da ya rubuta, layi ɗaya ne. Ya yi mini godiya ya wuce gona ta gaba.

Burji bai zo ba har yau da nake wannan magana. Littafin kuwa an ce yana nan a buro, kuma ko ɗana ya dawo gobe, abin da ke ciki za a buɗe masa.

Ranar da la'asar matar babban ɗan ta yi sallama a ƙofar ɗakina da ƙwarya a rufe. Ta ce Baba ya ce a kawo wa Bagobira. Na buɗe na ga gyaɗa ce ɓararriya, jajaye, irin da wannan ƙasa kaɗai ke bayarwa. Na so in ce ta mayar masa. Na riƙe ƙwaryar ina neman bakin da zan faɗa, hawaye na zuba a kan gyaɗar, ita kuma tana tsaye tana jira. Kwana uku ke nan miyata ba ta ga mai ba. Na juye a kwanona, na miƙa mata ƙwaryarta, na ce ta ce masa na gode.